Ɗakin Haya a Bayan Asibitin Haƙori

Shafi na 23

Jama'a na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ban saki shafin yau ba za ta biyo ni gida. Ki zo, akwai wanke-wanke. Masu zagin Dakta kuma ku ɗan sassauta, ba ku gama jin nasa ba.

*

Ƙarfe ɗaya na yi injin haƙori ya yi shiru, aka ji ƙarar silifas ɗin ma'aikata sun nufi kicin. Lokacin hutu ne. Kullum haka suke yi, Sista da Mai Kati da matar da ke wanke kayan aiki, kowa ta buɗe kularta a teburi ɗaya, a ci ana shewa.

Ita kuwa tana ɗakinta na ƙarshen baranda, zaune a bakin gadon gashi, kularta a cinya.

'Yar Haya suke ce mata. Ba a bayan idonta ba, a gabanta ma. In majinyatanta suka iso, sai ka ji an ce,

"Na 'Yar Haya ne, ku wuce can ƙarshe."

Ta kusa shekara da kama ɗakin nan a cikin asibitin haƙori tana gashin ƙashi. Masu ciwon baya na zuwa, masu shanyewar ɓarin jiki na zuwa, amma har yau in ka tare Mai Kati ka ce ta faɗa maka sunanta na gaskiya, sai ta ɗaga kai ta kalli silin. Ita ba ma'aikaciyarsu ba, ita ba baƙuwa ba. In an yi taron safe babu ita, in an sayo lemo babu ita. Ranar da aka ɗauki hoton ma'aikata ma ita aka miƙa wa wayar.

Wayarta ta yi ƙara. Umma ce.

"Kin ci abinci?"

"Yanzu muke ci, Umma."

"Ke da abokan aikin naki?"

Ta kalli ƙatuwar ƙwallon roba da ke kusurwa, da igiyoyin motsa jiki da ta rataye a ƙusa.

"Eh, muna tare."

"To alhamdulillahi. Ni tun da kika samu wajen nan na fara barci. Shekara nawa kina yawo da jaka gida-gida, wannan ya ce ki dawo gobe, wancan karensa ya biyo ki har titi. Ki riƙe mutanen nan da kyau, kin ji ko? Kar ki yarda wani abu ya raba ki da ɗakin nan."

"To Umma."

"Muryarki fa?"

"Mura ce ke son kama ni."

Suka yi sallama. Ta mayar da murfin kular ba tare da ta kai ko cokali ɗaya baki ba. Daga kicin aka kwashe da dariya, har da tafi. Kaɗaici ya zo ya rufe ta, irin wanda ba ka da wanda za ka ce wa komai, ko da "yau an yi zafi" ne.

Ba ma dariyar ce ta hana ta cin abincin ba. Abin da ta ji da safe ne.

Katako ne kawai tsakanin ɗakinta da ɗakin da Dakta ke aiki. Tana tsaka da motsa wa wata tsohuwa gwiwa ta ji ƙarfe ya faɗi a kan tire, ƙwal! Sai muryar wata mata, "Wayyo Allah!" Sai Sista tana ta jera sannu, tana cewa a miƙo auduga. Kowa a asibitin ya ɗauka tsautsayi ne. Ita kaɗai ta san ba tsautsayi ba ne.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali.

Ba ta tambayi ko waye ba. Ta buɗe, Dakta ya shigo da sauri yana waige kamar wanda ya ɗauko kayan wani, ya tura ƙofar, ya sa sakata da hannun hagu.

Shi ne mai asibitin, shi kaɗai ne kuma likitan cikinsa. Dogo, mai sanyin magana, furfura ta fara cin gefen kansa. Makonni ke nan yana shigowa a irin wannan lokacin, yayin da kowa ke kicin, tana yi masa gashin hannun dama a ɓoye.

Ita fa tana da doka tun tana yawon gida-gida. Namiji ba ya hawa gadonta sai da ɗan'uwansa a ɗakin, in babu kuwa ƙofa a buɗe. Ba ta taɓa karya ta ba sai a kan Dakta, ranar da ya tsaya mata a nan idonsa ya yi ja, ya ce, "Malama, ki rufa min asiri." Ni dai na ce tausayi ma wani lokacin shi ke ja wa mutum.

"Sannu Malama."

"Sannu Dakta. Zauna."

Ya zauna a bakin gadon, ya naɗe hannun riga. Ta jawo kujerarta, ta karɓi hannun ta juya tafin sama. Naman gindin babban yatsan ya ƙara zubewa, wajen ya lotsa kamar an kwashe da cokali.

"Kana ɗaure shi in za ka kwanta?"

"Ina ɗaurewa."

"Zafin fa?"

"Ai zafin ya ragu sosai. Na ce miki ina samun sauƙi."

Ta san irin wannan raguwar, ba ta sauƙi ba ce, jijiyar ce ke gajiya da kuka. Ta yago 'yar auduga ta murza ta.

"Rufe idonka. In ka ji na taɓa ka, ka ce min."

Ya rufe.

Ta taɓa ƙaramin yatsa.

"Na ji."

Ta taɓa bayan hannun.

"Na ji."

Ta ɗaga audugar sama, ta riƙe ta a iska a kan babban yatsan, ba ta sauke ba. Ta jira.

"Na ji," in ji Dakta.

Ta ci gaba da riƙe audugar a sama.

"Dakta."

"Na'am?"

"Ban taɓa ka ba."

Ya buɗe idon a hankali. Ya kalli audugar, ya kalli yatsan, sai ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe kake yi min haka?"

Ta jefar da audugar, ta ci gaba.

"Tun yaushe kake lissafa lokacin da zan taɓa ka, kana ce min ka ji?"

"Malama..."

"Ni kake yi wa wayo ko kanka? Wallahi Dakta ka ba ni mamaki. Kai fa likita ne!"

"Ki rage murya, don Allah."

Ta rage muryar.

"Me ya samu matar nan da safe?"

"Ba komai. Ƙarfen ne ya ɗan zame, leɓe ya ɗan karce. Na ba ta haƙuri, ta tafi lafiya."

"Zamewa ya yi ko sakin sa ka yi ba ka sani ba?"

Ya kau da kai, ta ci gaba.

"Yau leɓe ne. Gobe kana riƙe da allura a cikin bakin yaro fa? Ina jin komai ta katakon nan, Dakta. Duk sanda injin nan ya tashi, ni nawa aikin tsayawa yake. Ina danna bayan mutum hankalina na ɗakinka."

Ya shafa fuska da hannun hagu, ya daɗe bai sauke ba.

"Me kike so in yi?"

"Abin da na faɗa maka tun ranar farko. Ka je ka ga likitan jijiya. Aiki za a yi maka a wuyan hannun, ba wani babban aiki ba ne in ka je da wuri. Ka ajiye ƙarfe har ka warke. Ka nemo wani likitan ya riƙe maka wajen."

"Zan je. Bari watan nan ya ƙare."

"Haka ka ce wancan watan."

"Ke ba za ki gane ba ne." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Wa zai buɗe wa likitan haƙori baki in ya ji hannunsa ya mutu? Magana ɗaya ce za ta fita, shi ke nan. Ko na warke ba mai dawowa. Yayata filinta ta sayar aka sayi kujerar aikin can. Matan da kike ji suna dariya a kicin, kowacce da bakunan da take ciyarwa. Duk a kan yatsu biyun nan suke zaune."

"Shi ya sa nake so ka cece su tun suna cetuwa."

"A gida ma ban faɗa ba. Kin san rabona da in ci abinci a gaban iyalina? Cokali ke suɓuce min. Sai in ce na ƙoshi, in jira kowa ya tashi." Ya dube ta. "Ke kaɗai kika sani a duk duniya, Malama. In na shigo ɗakin nan ne kawai nake ajiye numfashi."

Tausayinsa ya kama ta, ba ƙarya. Ta san mene ne mutum ya ci abinci shi kaɗai. Amma ta daure ta ajiye masa hannunsa a cinyarsa.

"Ba zan ƙara yi maka gashi ba."

Ya ɗago da sauri.

"Me kika ce?"

"Gashina ya daina yi maka magani. Abin da yake yi maka yanzu, yana ba ka ƙarfin halin komawa ɗakin can ne. Ba zan sa hannu a wannan ba."

"Faɗa za ki yi ke nan?"

"Ba zan faɗa wa kowa ba. Ba ni da wannan ikon, wanda ya hau gadon nan maganarsa ba ta fita ta bakina. Kai za ka faɗa."

"In na ƙi fa?"

"To ka ƙi. Amma ka daina shigo min. Ka san me ake faɗa a kaina? Mai Kati ta daina amsa gaisuwata. Jiya na shiga kicin ɗibar ruwan zafi, kowa ta yi shiru kamar an ɗauke wuta, ina fita suka fashe."

"Ki ƙyale su, surutun mata ne."

"Kai za a ƙyale, kai mai gida ne. Ni ce ba ni da kowa a nan."

Fuskarsa ta canza. Ya fara sauke hannun rigar.

"Malama, kar ki manta ni na sa baki aka ba ki ɗakin nan. Yaya sito ta so ta mai da shi. Ba gori nake miki ba..."

"Gori ne, Dakta."

Kafin ya buɗe baki aka daki ƙofar. Ba ƙwanƙwasawa ba, duka, har katakon bangon ya amsa.

"A buɗe ƙofar nan!"

Innalillahi. Anti Manaja.

Yayar Dakta ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ke riƙe da asibitin tun daga albashi har sabulun wanke hannu. Ba ta zuwa sai da yamma. Yau dai wani ya kira ta, kuma ba sai an faɗa muku daga wane kicin aka yi kiran ba.

Dakta ya miƙe zumbur, ya cusa hannun dama cikin aljihun farar rigarsa. Ya kalli 'Yar Haya da ido kawai, idon na roƙo.

Ta je ta zare sakatar.

Anti Manaja ta shigo, jaka a hammata, mayafi ya zame kafaɗa ɗaya. Bayanta Sista ce da Mai Kati suna leƙe, Mai Kati har da cokalinta a hannu.

"Ku koma bakin aikinku!"

Suka ja baya taku biyu, suka laɓe. Anti Manaja ta kalli gadon, ta kalli zanin gadon da ya yamutse, ta kalli ƙaninta, sannan ta sauke idon a kan 'Yar Haya daga sama har ƙasa.

"Ikon Allah. Ashe da gaske ne."

"Sannu da zuwa, Anti."

"Riƙe sannunki. Ni aka gaya wa na ce ƙarya ne, na ce yarinyar nan ba ta da hayaniya, ko kallon mutane ba ta yi. Ashe shirun na aiki ne. Me ƙanina yake yi a ɗakinki kullum, da sakata?"

"Anti, shi ya kamata ki tambaya."

"Ke na tambaya."

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ki iya ba, ko babu bakin faɗa?"

"Yaya, don Allah..." in ji Dakta.

"Kai rufe min baki, zan zo kanka!" Ta juyo. "Ke ba ke ce mai dokar nan ba? Ranar da na kawo miki maƙwabcina mai ciwon ƙugu, tsoho tukuf, cewa kika yi sai ɗansa ya shigo ya zauna. Na ce kai, wannan ta san mutunci. To yau ina ɗan rakiyar? Yana ƙarƙashin gado?"

Aka ji wata ta danne dariya a baranda.

'Yar Haya ta ji kunya ta lulluɓe ta har tafin ƙafa. Abin haushin, a wannan kam Anti tana da gaskiya. Ita ta karya dokarta da hannunta.

Anti Manaja ta juya kan ƙaninta, muryarta ta ɗan sauka.

"Auta, dube ni. Matarka ta kira ni tana kuka. Ta ce ka daina cin abincinta, ka daina zama da yara, ko hannunka ta kama sai ka fizge. Na rasa abin da zan ce mata. Yanzu ka gaya min tsakaninka da Allah, ciwo kake yi? In ciwo ne ya kawo ka ɗakin nan ka faɗa, in ba yarinyar nan haƙuri a gaban kowa."

'Yar Haya ta ɗago ta zuba masa ido. Ga hanya an buɗe masa, kalma ɗaya ce. A zuciyarta tana cewa faɗa mana, Dakta, faɗa.

Ya kalli ƙofa, inda gefen mayafin Sista ke leƙowa.

"Lafiyata ƙalau, Yaya."

Kai! Wallahi ni da nake rubutawa sai da na ajiye wayar.

"Lafiyarka ƙalau," Anti Manaja ta maimaita. "To me kuke yi?"

"Magana muke yi."

"Magana."

"Shawara ce ta aiki."

"Da sakata. A kan gado." Ta gyaɗa kai, ta gyara zaman jakarta. "To madalla."

Ta matso dab da 'Yar Haya, har tana jin ƙamshin turarenta.

"Ki saurare ni da kyau, ni ba azzaluma ba ce. Na san yadda kika sha wahala kafin ki samu wajen nan, na ga tsofaffin da ake kawo miki a keken guragu suna fita da sanda. Ba na son in raba ki da abincinki. Ki gaya min gaskiyar abin da ke tsakaninku, ko mene ne, ki ci gaba da zama a ɗakinki. Ki yi min shiru, ki kwashe kayanki yau ɗin nan. Zaɓi naki."

Maganar na nan a kan harshenta. Hannunsa ne, Anti, ki ce ya fito da shi daga aljihu. Shi ke nan fa, ko numfashi ɗaya ba za ta ci ba, sunanta ya wanku, ɗakinta ya tsira. Ta tuno jakar nan mai tsinkakken hannu da ke ƙarƙashin gadonta a gida, da tsayuwa a ƙofar gidajen mutane rana na dukanta ana cewa mai gidan ya fita. Ta ji tsoro, tsoro sosai.

Ta sake kallon Dakta. Ƙasa yake kallo.

Mutum uku a ɗaki, wasu a bakin ƙofa, amma ba ta taɓa jin ita kaɗai ce a duniya kamar yanzu ba.

"Anti, ban yi abin kunya ba. Allah ne shaidata. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To kawo makullin ɗakin."

Ta laluba aljihun rigar aikinta. Makullin na haɗe da na gidanta a zobe ɗaya, sai da ta sa farce ta yi ta fama kafin ya fita. Hawaye ya taru, ta hana shi zuba. Ba a gaban Mai Kati ba dai.

Ta miƙa wa Anti Manaja.

"A'a, ba ni za ki ba ba. Shi ya kawo ki, shi zai sallame ki. Auta, karɓa. Ka karɓa a gabana in san ka rabu da ita."

"Yaya, ki bari mu yi magana a ofis..."

"Karɓa na ce!"

Ya matso kamar ana jan sa. Ya miƙo hannun hagu.

Tas! Anti Manaja ta make hannun.

"Da hagu? Haka na koya maka karɓar abu a hannun mutane? Ko kora ce ai a yi ta da ladabi."

Kun ji Anti fa, ko a tsakiyar masifa ba ta manta tarbiyya.

Dakta ya tsaya. A hankali ya zaro hannun dama daga aljihu.

'Yar Haya ta gane abin da ke shirin faruwa, ta yi saurin kai makullin saitin tafin hannunsa. In ta ɗora masa a tsakiya, zai iya dunƙule sauran yatsun a kai ya mayar aljihu, ba wanda zai lura. Korarta ake yi, amma har yanzu majinyacinta ne.

Ya ga abin da take yi. Ya ɗago ya kalle ta, karo na farko tun shigowar yayarsa.

Sai ya janye tafin. Ya juya hannun, ya kawo babban yatsa da manuni, ya kama bakin makullin.

"Saki, Malama."

"Dakta..."

"Saki."

Ta saki.

Makullin ya zame ta tsakanin yatsun kamar ba a riƙe shi ba, ya faɗi a kan tayil, ƙililin, ya gangara gaban takalmin Anti Manaja.

"Kai kuma mene ne haka? Jikinka ne ke rawa don za ta tafi? Ɗauka mana!"

Ya durƙusa. Babban mutum, da furfurarsa, da farar rigarsa, ya sa gwiwa a ƙasa. Ya kai yatsun biyu kan makullin. Makullin ya matsa. Ya sake kaiwa, ya sake matsawa. Ya bi shi har gindin gadon yana ƙoƙarin tsinka, yatsun na wucewa ta kansa suna dawowa ba komai.

Ba mai dariya a baranda yanzu.

"Auta?"

Bai tashi ba. Daga durƙuson ya ce,

"Ba zan iya ba, Yaya."

"Ba za ka iya me ba?"

"Ba na jin sa. Ina ganin sa, amma ba na jin sa."

Jakar Anti Manaja ta sulale daga hammatarta. Ta duƙa ta kamo hannun da nata biyu, ta juya tafin sama. Ta ga ramin da ke gindin babban yatsan. Ta sa yatsanta a ciki ta shafa, ta kamo na hagun ta jera su, ta kalli wannan ta kalli wancan.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Auta, hannunka ne wannan? Hannun da kake aiki da shi?"

Ya gyaɗa kai.

"Da shi ka yi aiki yau?"

Ya sake gyaɗawa.

Hawaye ya zubo mata shar. Ta jawo kansa ta haɗa da kafaɗarta kamar yaron da ta goya, tana cewa, "Me ya sa ba ka gaya min ba? Ni ce fa. Ni ce fa, Auta."

'Yar Haya ta jingina da bango. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Alhamdulillahi, ta faɗa a ranta, gaskiya ta fito, kuma ba ta bakinta ba. Ta tsaya tana jira a juyo a ce mata yi haƙuri.

Anti Manaja ta juyo. Ta share ido da gefen mayafi.

"Ke kin sani?"

"Na sani, Anti."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"An kwana biyu." Ta miƙe tsaye. "Kina zaune a nan, katako ne kawai tsakaninku, kina jin injin nan na tashi kullum. Kin san hannun da ke riƙe da shi. Mata, yara, tsofaffi, kowa ya zo ya buɗe baki. Kika yi shiru?"

"Na yi ta gaya masa ya daina. Yanzu ma abin da..."

"Shi kika gaya wa. Mara lafiyar kika gaya wa. Ni da ke riƙe da wajen fa? Da wani ya mutu a kujerar can fa?"

"Anti, sirrin majinyaci ne, ba ni da..."

"Yaya, ba laifinta ba ne, ni na roƙe ta," in ji Dakta daga ƙasa.

"Kai yi shiru, kai ba ka da lafiya."

'Yar Haya ta sunkuyar da kai. Tambayar da Anti ta yi mata, ita ma ta sha yi wa kanta, kuma har yau ba ta samu amsar da za ta kwantar mata da rai ba.

Anti Manaja ta sunkuya ta tsinci makullin a gindin gadon. 'Yar Haya ta ɗan miƙo hannu, tana zaton za a mayar mata.

Anti ba ta ko kalli hannun ba.

"Ɗan ba mu waje."

"Anti, ɗakina ne..."

"Maganar 'yan gida za mu yi. Fita."

Ta fita. Kularta na kan gado, wayarta na kan teburi, ko mayafinta ba ta ɗauka ba. Sista da Mai Kati suka dare mata hanya, kowa ta kau da kai, ba wadda ta ce mata zo ki zauna.

Ƙofar ta rufu a bayanta.

Tana tsaye a barandar ta ji an zura makullinta daga ciki, an murza.